Zakaran da ban kai coci ba

Ina kakkaɓe tsohuwar kwalla jiya sai wani ɗan ƙarfe mai hoton waliyyi ya faɗo, har yanzu da warin man kaɗanyar Gwaggo. Ita 'yar Katolika ce, mu kuwa cocinmu ba a roƙon waliyyai.

Shekarar da ƙafata ta kumbura a Riruwai, ita ta ɗaura mini shi a idon sawu. Maigidana kuma ya kira fasto ya yi addu'a. Na warke. Zakaran godiya ɗaya gare ni, wane coci zan kai?

"Mai zuwa fada ba ya raina ɗan rakiya," in ji Gwaggo. Kullum maganarta ke nan.

Maigida ya ce, "Gwaggo, gidan Ubana zan shiga, rakiyar me?"

"Faston naka fa, ba rakiya ya yi maka ba?"

"Shi ai da ransa!"

Ni dai kaina ya ɗaure. Gwaggo ta fizge zakaran, ta sa aka yanka, ta yi mini farfesu, yaji har hawaye.

Har yau ban san haƙƙin wa na ci ba. Allah ya ji ƙanki, Gwaggo. In na waliyyin ne, ki ba shi haƙuri.