Sunan Sanusi a talabijin

Mutanen gida lafiya lau, sai maigidana Malam da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa gona, sai ni da tunanin autanmu Sanusi.

Wata takwas ke nan da ya bar Dayi, wai ya samu aiki wurin masu wasan kwaikwayo. Malam ya ce yawon banza ne, kada ya zo masa gida da Sallah.

Jiya a talabijin ɗin maƙwabta muka kalli wani wasan kwaikwayo na minti goma. Da ya ƙare, sunayen ma'aikata suka riƙa gudu sama. Da girmana na koyi karatu, ba na cim musu, amma wannan na kama shi: ɗaukar sauti, Sanusi, sunan mahaifinsa, Dayi. 

Na gaya wa Malam.

"Faɗa miki aka yi?"

"Da idona na karanta, Malam."

Ya ce, "Da sunana a ciki?"

"Yana tsakiya."

Ikon Allah, yanzu so yake ya gani da kansa. Don Allah mai saurin hannu ya ɗauko mini hoton wurin kafin Juma'a, ranar Sanusi zai kira ya ji ko ya taho.