Kwanon da Na Mayar

Ni mutum ne mai saurin hawa, ba na ɓoyewa. Shekarar da muka tashi daga gidan mahaifina na unguwar Mardjandafak muka koma unguwar Kabalaye, maƙwabciyarmu wata Kirista ce 'yar kudu, dattijuwa mai sayar da busasshen kifi. Ranar Nowel, wato Kirsimeti, ta kawo mana kwano, shinkafa da kaza. Matata ta miƙa hannu za ta karɓa, na ce a mayar, wa ya san wanda ya yanka kazar? Ashe baiwar Allah sai da ta kai wa mahauci Musulmi ya yanka mata, saboda mu. Daga baya na ji, amma girman kai ya hana ni ba da haƙuri. Wata da watanni ina wuce ƙofarta ina kau da kai.

Haihuwa ta zo wa matata cikin azumi, wata Asabar da hantsi. Yarinya ta fito lafiya, jini kuwa ya ƙi tsayawa. Likita ya ce in nemo masu ba da jini, irin nata ba kowa ke da shi ba. Nawa bai dace ba. Na hau babur sai babbar kasuwa, Grand Marché, layinmu na 'yan atamfa. Mutanen kirki ne wallahi, amma kowa ya ce da azumi a bakinsa jiri zai kwashe shi, in bari a sha ruwa. Ƙannena biyu suka biyo ni, aka gwada, nasu ma bai yi ba. Likita ya ce a haka matar nan ba za ta kai magariba ba. Tsoro ya kama ni, na zube a barandar asibiti.

Nan maƙwabciyar ta same ni, riƙe da bokitin wanki. Ashe duk Asabar ita da matan majami'arsu suke zuwa su wanke wa marasa lafiyar da ba su da kowa tufafi, su ba su kunu. Da Larabci ta tambaye ni, "Maƙwabci, lafiya?"

Na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ta ajiye bokiti ta ciro waya. Kafin azahar baranda ta cika da mutanen da ban taɓa gani ba, har da wani birkila da siminti a ƙafarsa. Biyu suka dace, ɗaya ita ce.

Bayan la'asar matata ta buɗe ido ta nemi 'yarta. Na yi hamdala. Na fito na tarar da dattijuwar zaune da auduga a hannu, ta juya wa bango fuska tana shan ruwa, wai kada mai azumi ya gani. Kunya ta rufe ni.

Na durƙusa na ce, "Mama, maganar kwanon nan..."

Ta ce, "Almasihun da nake bi bai koya mini in duba wa ya karɓi kwanona ba." Sai ta yi dariya ta nuna ɗakin da matata take. "Wannan dai, maƙwabci, ba ka da yadda za ka mayar."

Da Nowel ta zagayo, ni da kaina na tsaya a ƙofa na karɓi kwanon da hannu biyu.