Indisfiyutabul ɗin Kaka Ɗanladi

Duk wanda ya taɓa zama da Kaka Ɗanladi, kakana na wajen uwa, ya san yadda yake rufe gardama. Zai buga sandarsa a ƙasa, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Indisfiyutabul." Daga nan sai kowa ya nemi wata hirar.

Ni karatuna bai wuce firamare ba, sai da na tambaye shi. Ya ce Turanci ne, ya samo shi yana saurayi a wurin awon auduga a Funtuwa, bakin wani Bature da ke faɗin haka in allurar sikeli ta tsaya cak. Wai abin da ba mai iya musawa ke nan, ko ya so ko ya ƙi. Ba "ina ganin" ba ne, ba "wataƙila" ba, "tabbas" ma ƙanensa ne. Na ce ai mu ma muna da "babu shakka". Ya ce, "Amarya, wannan har mai ruɓaɓɓen tumatir yana faɗa." Amarya yake kirana tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika.

Abin haushin, bai taɓa barin kalmar nan ta huta ba. Dawar Bakori ta fi ta Maska tuwo, indisfiyutabul. Takin zamani ke kawo ciwon gwiwa, indisfiyutabul. Wata shekara bayan girbi ya sa muka baza masara a tsakar gida, hadari kuwa ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Na roƙe shi mu kwashe, ya buga sanda ya ce ruwan bana ya ƙare. Bai rufe baki ba aka tsuge. Muna ta guje-guje da ƙwarya da tasa, shi yana zaune a zaure yana bayani, wai namu ya ƙare ɗin, wannan na mutanen Musawa ne ya ɓato hanya.

A coci ma haka. Jama'a na cewa Amin, shi yana jefa tasa daga bencin baya. Da aka kawo sabon Fasto, ya roƙe shi cikin ladabi ya daina. Lahadi ta zagayo, Kaka ya yi tsit har aka tashi. Fasto ya tare shi a ƙofa yana godiya. Kaka ya ce, "Ba biyayya na yi ba, Fasto. Wa'azin yau ne bai kai ba."

To, ga inda muka ɓata da shi. Ɗana Istifanus ya doshi shekara biyu bai taka ba, sai jan gindi. Waɗanda aka haifa bayansa suna korar kaji, shi yana zaune yana kallonsu. Matan zumunta kowa da tata: wannan ta ce shan inna ne, waccan ta ce baki ne, wata ta leƙa cikina ko na yi kwanika. Abinci ya daina shiga mini. Na goya yaron na tafi wurin Kaka, ba don magani ba. So nake kawai ya buga sandar nan ya ce zai yi tafiya.

Ya mammatsa ƙafafun yaron. Na jira. Ya tambayi abin da nake ba shi. Na ce ba wannan ya kawo ni ba, so nake ya faɗi kalmar. Ya ƙi. Raina ya ɓaci, na lissafo masa dawa, da gwiwa, da ruwan Musawa, na ce duk ya yi musu kyautarta sai jininsa zai yi wa rowa.

Ya ce, "Masara in ta jiƙe a sake shanyawa. Wannan ban sani ba, Amarya, kuma ba zan yi miki ƙarya da ita ba."

Na tafi ko sallama ban yi ba, na kuma yanke masa kunun safe. Bai damu ba. Ya tasa mijina gaba da mita har muka hau babur zuwa asibiti a Malumfashi, inda aka ce ƙashin yaron ne bai yi ƙwari ba, aka ba mu magani. Muna dawowa muka tarar ya farfasa kujerarsa ya haɗa keken koyon tafiya, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ko'ina aka tura sai ya karkata hagu ya daki rumbu. Na nuna masa. Nan fa sanda ta dawo aiki, wai keken daidai yake, gidanmu ne a karkace.

Da damina Kaka ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Bayan an share makoki, wata safiya ina ɓarar gyaɗa, Istifanus ya saki keken ya tako wurina yana tangaɗi. Na suri yaron na yi waje ko ɗankwali babu. Sai da na hango zauren Kaka a rufe na tsaya.

Har yau ina jin haushinka, tsoho, ka cika gaggawa. Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, ya ƙarfafa ƙafafun yaron nan da ka ƙi yi mini ƙarya a kansa. Amin.