Ranar da Misbahu Ya Ƙara

Lado tela ne a Daura. Kullum bayan la'asar yakan buga karta da amininsa Misbahu, su biyu, da gyaɗa suke zubi. Misbahu gwanin ƙari a kan zubi ne, ko da katin banza ya riƙe. Amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ya daina ƙari, sai dai ya bi abin da Lado ya zuba, idonsa a ƙasa, abin yana damun Lado.

Wata Laraba Misbahu ya turo gyaɗarsa duka da hannun hagu. Lado ya tsorata, ya ajiye katinsa, ya sallama wasan.

"Me ka riƙe, mutumina?"

Misbahu ya buɗe, ashe tarkace ne. Yana dariya har da hawaye.

Lado ya yi ajiyar zuciya, ya aika a sayo musu fura.