Yayen Ɗan Farina

Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Ƙofar Dumi a Bauchi, haka ma a dangin mijina, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa in da idon mutane, ba ta tambayar lafiyarsa. Sai ka ce ajiyarsa aka ba ta. Na riƙe wannan kunyar yadda ake so, har tsofaffi suna yabona.

Amma in muka shiga ɗaki, daga ni sai shi, wata duniya ce daban. Mijina tela ne, kekensa na zaure. Shi ya koya mini karatun boko bayan aurenmu, da 'yan littattafan nan marasa kauri da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa, masu labarin samari da suka ƙetare dazuzzuka saboda budurwa. Na fi shi kamuwa da son su. Duk jarumin da na karanta, fuskar ɗana nake ba shi. Yana shan nono ina raɗa masa cewa zai yi tsawo, zai yi siririn hanci irin na dangin ubansa, 'yan mata za su riƙa leƙensa ta kan katanga ni kuma ina korarsu da muciya. Shi dai sai ya kama ɗan kunnena yana ja.

Bai daɗe da fara tafiya ba na gane ina da ciki. Ciki a kan goyo abin kunya ne, kuma kowa ya yarda nonon mai ciki ya ɓaci, in yaro ya ci gaba da sha zai lalace. Ba a yi wata shawara da ni ba. A farkon daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, surukata ta zo daga ƙauyen Miri ɗaukarsa yaye.

Inna muke ce mata. Doguwar Bafulatana ce mai ƙarancin magana, irin waɗanda suka zauna suka kama noma. 'Yan shanun da suka rage musu wan mijina ya yi nisa da su neman kiwo. Jikan nan nata kuwa ba ta da abin so kamarsa, maigidanta take ce masa.

"Taso, maigidana," in ji ta, tana gyara majanyi. "Mu bar musu birninsu da wari. Ko ka fi son wannan mai kumburarren ciki?"

Matan gida suka yi dariya. Ni ina zaune da faifai ina tsintar wake. Da za su fita ya miƙo mini hannu biyu daga bayanta. Na gani ta gefen ido, ban ɗago ba. Haka ake yi. Waken nan kuwa ban san yadda na tsince shi ba, don da aka dafa kowa ya tauna tsakuwa.

Mai kawo mini labarinsa ita ce ƙanwar mijina, wadda ke aure can Miri, tana shigowa kasuwa da kuɓewa da ƙwan zabi. Abokiyar wasata ce, kuma ta san abin da nake son ji, sai ta ƙi faɗa.

"Yaya mutanen gida?" in ce.

"Lafiya lau, 'yar birni."

"Yaya Inna?"

"Tana gaishe ki."

"Yaya... kaji?"

"Kaji? Wanne daga ciki? Akwai wani ɗan tsako da aka kawo daga Bauchi, ko shi kike nufi?"

In ɗauki mafici in jefe ta, ta kauce tana ƙyalƙyala dariya. Sai ta sha ruwa ta goge baki sannan ta sako mini kaɗan.

Da aka shiga marka, ruwa ba dare ba rana, ta zo da albishir. "Matar yaya, ba ni goro. Ɗan tsakon nan ya fi ƙarfinki yanzu. Kumatu ɓul-ɓul, ƙafafu kamar an hura. Ya yi fari, gashinsa ya yi laushi ya yi ja, sai ka ce ɗan Larabawa. Ga hankali, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Ashe nononki ne bai karɓe shi ba."

Na ce, "Ke kika sani," na juya mata baya don kada ta ga fuskata. Daɗin da na ji ranar har yanzu ina iya tuna ɗanɗanonsa. Na zana shi a raina, farin yaro mai jan gashi, zaune a kan tabarma kamar ɗan sarkin wata ƙasa ta bayan teku. Na sa mijina ya ɗinka masa riga da ragowar wani shuɗin yadi, na ce a ƙara faɗi, ba tare da na ce ta wane ne ba. Shi ma bai tambaya ba, ɗan farinsa ne. Ya dai yi mata aiki a wuya da jan zare, wanda ba ya yi wa kowa sai masu sarauta.

Rigar na cikin kwallata ƙanwar mijina ta sake zuwa, wata safiya, ba kaya a kanta. Ba ta ce mini 'yar birni ba. Ta tsaya a zaure ta gaya wa yayanta, ni ina ji daga bayan ƙofa, cewa yaron yana tari, jikinsa ya yi zafi, haƙarƙari ya kama shi. An kira wanzami ya yi masa tsaga, ba sauƙi. Inna ta ce a zo.

Ba ta ce wa zai zo ba. Na yafa mayafina na bi bayan mijina, ba wanda ya hana ni. Muka samu babbar mota mai zuwa Jos ta sauke mu a bakin hanya, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin dawa da ta fi mu tsawo, ba ta nuna ba tukuna. Ko'ina kore shar, amma rumbunan da muka wuce a buɗe suke, ba komai ciki.

Yana kwance a kan cinyar Inna. Kumatun suna nan, jan gashin ma yana nan, ƙanwar mijina ba ta yi ƙarya ba. Sai dai damatsansa sun zama kamar sillen kara, fatar cinyarsa tana saɓulewa, idanunsa kuma na tsoho ne wanda ya gaji da kowa. Yana numfashi da sauri, hancinsa na buɗewa yana rufewa, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk jan da zai yi, da wani ɗan nishi a ƙarshe. Ga sawun aska a jere a haƙarƙarinsa, an shafa baƙin magani. A gefe akwai ƙoƙon kunun tsamiya, tsararo, ana ganin gindin ƙoƙon ta cikinsa.

Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gida, na tambayi damina. Ta amsa. Na lura wuyanta ya ƙara tsawo, zobenta na azurfa yana yawo a yatsa. Daga baya na ji cewa tun da hatsi ya ja baya, rabonta na kunu shi take ɗura wa, ita ta ci ganyen tafasa.

"'Yar nan," ta ce, "yau ba ranar kunya ba ce. Ɗauki ɗanki."

Ranar na fara rungumarsa a gaban mutane. Na kama ƙafarsa, da na saki sai na ga wurin babban yatsana ya zauna, rami, bai taso ba. Na kira shi a kunne. Ya ɗaga hannu a hankali yana lalube, har ya samu ɗan kunnena. Bai ja ba, ya riƙe kawai.

Cikina ya yi girma, goyo ba zai yiwu ba, amma ban ba kowa shi ba. A kafaɗa na kawo shi har asibitin gari, Inna na biye da mu da takalmanta a hannu. Malamin asibitin, wani dattijo mai Hausar 'yan kudancin lardi, ya yi masa allura, ya danna ƙafar kamar yadda na yi.

"Mama, wannan ba ƙiba ba ne, ruwa ne. Abinci ne bai ishe jikinsa ba, shi ya sa sanyi ya samu hanya ya shiga ƙirji. Me yake ci?"

"Kunu," in ji Inna.

"Madara fa? Wake, gyaɗa? Ƙwai?"

"Shanu ba sa gida. Ƙwai kuwa, ɗana, ai ba a ba yaro. Ɓarawo yake zama."

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce in Allah ya tashe shi, a ba shi. Inna ta tsura wa tafin hannunta ido. Zabinta sun yi ƙwai sosai a daminar nan, duk kasuwa aka kai.

Washegari da hantsi ya cika, a hannuna. Ta taga ina jin 'yan makaranta suna koyon maci saboda bikin 'yancin kai da ke tafe, malaminsu na busa usur, kowane da 'yar tuta a hannu. Na ji nishin ya tsaya, na jira na gaba, na yi ta jira.

A gida mata suka cika tsakar gida. "Haƙuri, kar ki ba mu kunya, ɗan fari ne. Ga wani nan Allah ya ba ki a ciki." Ban ba su kunya ba. Inna ce ta yi kukan, a bayan ɗakin girki, ta toshe baki da gefen zane. Shuɗiyar rigar nan kuwa, mijina ya ɗauke ta daga kwallata, ban san inda ya kai ta ba, ban kuma tambaya ba. Ya daɗe bai sake ɗinki da jan zare ba.

Bayan girbi na haifi namiji. Inna ta zo suna ta koma, ba ta yi masa wasan jika ba, ba ta taɓa ce masa maigidana ba. Sai da ya fara zama, wata rana da rana tsaka, sai ga ta da ƙafa tun daga Miri, da ƙwarya a ka. Ta sauke ta buɗe a gaban matan gidan duka. Ƙwan zabi ne a cikin ƙaiƙayi.

"A dafa masa," ta ce.

Wata gwaggon mijina ta riƙe haɓa. "Yaya, ƙwai? So kike ya yi sata?"

"Ya yi. Ya fara da ɗakina, a buɗe zan bar masa."

Da lokacin yayensa ya yi, ba ta zo ɗaukarsa ba, ba wanda kuma ya tayar da maganar. Ya girma, yau har da jikokinsa, bai taɓa ɗaukar allurar wani ba.

Na haifi wasu bayansa, na tsufa a cikinsu, na karanta littattafai da ban san iyakarsu ba. Amma in wancan ya zo mini a mafarki, ba ya zuwa da tsagar wanzami ko nishin nan. Yana zuwa ne yadda na zana shi a markar nan, fari, mai jan gashi, cikin shuɗiyar riga da ta yi masa daidai. In na farka ba kowa kusa, sai in kira sunansa da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya shigo ya ci abinci.