Kanumfarin da Na Ba Maƙwabciya

Kowace Disamba maƙwabciyarmu a McLeansville, wata tsohuwa Bajamushiya, takan tara jikokinta su gasa biskit mai zuma da kayan ƙamshi, irin na kakanninta. Bara ta gayyaci 'yata. Yarinyar da ba ta taɓa taya ni yin dubulan na Sallah ba, kullum tana mita wai warin kanumfarin shayina yana bin kayanta har makaranta, ita ce ta wuni tsaye tana kwaɓa fulawar mutane. Ta dawo tana rawar kai. "Mama, ɗanɗana, ba ki taɓa cin irinsa ba."

Na gutsura, takaici ya kama ni. Kanumfarin da tsohuwar ta roƙa a wurina da safe ne.