Shamuwar Gwadabe Mai Keke

Duk Ƙofar Sauri babu wanda zai ce maka ya taɓa jin daɗin bakin Gwadabe mai gyaran keke. Dogo ne, busasshe, mai jajayen idanu, in ka yi masa sallama sai ya amsa kamar ka taka masa ƙafa. Ka kawo faci ya ce kai ne ba ka kallon hanya, ka kawo birki ya tambaye ka ko da ƙafa ka saba tsayawa. Sai dai a aikin babu kamarsa, shi ya sa mutane suke haɗiye zagin su sake dawowa. Rumfarsa tana gindin wata tsohuwar tsamiya, gidansa yana bayanta, kuma a duniyar nan ba abin da yake yi wa magana mai laushi sai tattabarunsa. Ko matarsa Hajara ba ta samun rabin abin da suke samu.

Daga ƙauye ya shigo Katsina yana saurayi, yana tallar itace a kan jaki. Wata rana wani ma'aikacin gandun daji mai suna Yahaya ya tare shi da ɗanyen icce, ya ƙwace gatarinsa a gaban jama'a. Abin da ya raba shi da itace ke nan, ya koma keke. Kai kuma ka ji ikon Allah, da Malam Yahaya ya yi ritaya, bai tashi sayen gida ko'ina ba sai daura da rumfar Gwadabe. Shekara ashirin da maganar gatari, amma ko gaisuwar Sallah ba ta taɓa haɗa su ba.

A daminar da soja suka miƙa mulki, a alif ɗari tara da casa'in da tara, sabon kansila ya shirya walimar cin zaɓe. 'Yan bangarsa suka zo kafa rumfa a filin tsamiya, reshe ɗaya ya tare musu, suka sare shi. Ashe akwai gidan shamuwa a kai. Shamuwa fa, tsuntsuwar da in ta sauka gari kowa ya san ruwa ya kusa, wadda ko mahaukaci ba ya jifanta! 'Ya'ya biyu suka mutu nan take, ɗaya ta rage tana motsi cikin ƙirare. Gwadabe ya fito da ƙarfen cire taya a hannu, ya zage su tas, ya haɗa da kansilan da jam'iyyar da duk wanda ya dangwala musu. Da ya gaji ya ɗauki 'yar tsuntsuwar a cikin hularsa ya shige gida.

Abin da ya sani shi ya yi mata. Ya jiƙa gero, ya buɗe mata baki yana ɗura mata kamar ɗan shila. Tana haɗiyewa tana amayarwa. Kwana biyu wuyanta ya langaɓe, ya fito da ita rumfa a kwando yana aiki yana leƙawa, ransa a jagule.

Malam Yahaya yana kan dakalinsa da rediyo a kunne. Bai dubi kowa ba ya ce, da ƙarfi yadda za a ji a tsallaken titi, "Wasu mutane dai jahilci ya yi masu katutu. Ina aka taɓa ganin shamuwa a gonar gero tana ci? Fara take bi, da kwaɗi, da 'yan ƙadangaru."

Gwadabe ya dubi tayar da ke hannunsa ya ce mata, "Wasu kuma sun tsufa ba su bar shiga sharo ba shanu ba. Ɓarayin gatari!"

Amma da la'asar sai ga shi a bakin kududdufi, wando naɗe har gwiwa, yana farautar kwaɗi da tsohon gwangwani. Gari ya ɗauka cewa Gwadabe ya fara cin kwaɗo. Masu acaɓa in sun wuce sai su yi masa kukan kwaɗi, shi kuma ya bi su da ashar. Hajara ta rantse ba za a yanka ƙazanta da wuƙar girkinta ba, ya sayo tasa. Tsuntsuwa kuwa ta miƙe.

Haka karatun ya ci gaba, malami da ɗalibi ba mai kallon wani. Yahaya ya gaya wa rediyonsa cewa mai hankali ba ya ɗura wa tsuntsu ruwa, a kasko ake ajiye masa. Gwadabe ya gaya wa famfonsa cewa tsofaffin banza sun cika surutu, sannan ya nemo kasko. Kafin wata guda tsuntsuwar ta zama baƙa wuluk, cikinta fari, ƙafafu zara-zara, tana bin sa tsakar gida tana kaɗa baki.

Ranar da ya gan ta a kan katanga tana gwada fiffike, gabansa ya faɗi. Ga motoci, ga karnuka, ga mutanen unguwa da bai yarda da ko ɗaya ba. Masu kiwon tattabaru suna da dabararsu: in ka sayo sabuwa sai ka fige mata dogayen gashin fiffike ɗaya, kafin su tsiro, kwana arba'in, ta saba da gida. Ya kama ta ya fige. Da suka tsiro wajen ƙarshen damina ya sake figewa, kuma wannan karon, a faɗi gaskiya, ba don mota ba ne ko kare. Ba ya so ta tafi ne kawai.

Da safe ta biyo shi rumfa, fiffike ɗaya a gutsure. Malam Yahaya ya gani. Ya ajiye rediyo, ya sauko daga dakali, ya tsallako titin da bai taɓa tsallakowa ba, ya tsaya a kan Gwadabe.

"Kai Gwadabe! Mi ka yi ma tsuntsuwag ga?"

"Ina ruwanka? Kai ka yi wahalarta?"

"Yaushe ka fige ta?"

"Jiya. Kwana arba'in ya tsiro. Ni za ka koya ma tsuntsu?"

"Tattabara ka sani, sakarai! Tattabara tana da inda za ta? Dubi sama." Gwadabe ya ɗaga kai ba da son ransa ba. Shamuwoyi sun taru sun fi ɗari, suna kewayawa can ƙololuwa. "Shiri suke. Gero ya nuna, ruwa ya ɗauke, ba za su ƙara sati biyu ba. Kudu za su yi, tafiyar da ta wuce ƙasag ga baki ɗaya, kuma 'ya'yan bana manya suke bi. Ka cece ta daga 'yan banga ka zo ka kashe ta da hannunka. Tir!"

Gwadabe ya ɗauki tsuntsuwarsa ya shige gida.

Ya yi duk abin da ya iya. Ya ninka mata kwaɗi, ya shafa man shanu a gurbin gashin, kullum da safe ya buɗe fiffiken yana auna tsiron da yatsa. Gashi dai bai san sauri ba. A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, tsamiya ta yi tsit. Shamuwoyin suka tashi gaba ɗaya suka miƙa kudu, tasa kuwa tana tsakar gida tana gudu tana tsalle, tana faɗuwa ta gefen da aka fige. Hajara da take ganin ba abin da zai sa ta tausaya wa tsuntsuwa mai cin kwaɗi, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Gwadabe ya wuni bai buɗe rumfa ba.

Sai da aka yi wata guda cur da tafiyarsu fiffiken ya cika. Ya saka ta a kwando bayan kekensa, ya fita bayan ganuwa inda aka girbe gonaki, ya cilla ta sama. Ta yi kewaye biyu ta sauko gabansa tana kaɗa baki, abinci take jira. Ya sake cillawa, ta sake dawowa. Nan ya fara ɗibar hoge yana jifanta, yana zaginta da zagin da ya saba yi wa mutane, hawaye yana bin gemunsa. Hoge na huɗu ya same ta a ƙirji. Ta tashi, ta yi sama sosai, ta tafi ita kaɗai har ya daina ganinta.

Da ya dawo bai tsaya a rumfa ba. Ya jingina keke a dakalin Malam Yahaya, ya yi sallama cikakkiya, har da tambayar iyali. Tsohon ya amsa a daƙile.

"Malam, ta tahi," in ji Gwadabe. "Tana da ƙarfi, wallahi ta hi su duka ƙiba. Halan za ta cim masu?"

Malam Yahaya ya so ya yi masa ƙarya, ya kasa.

"Wane gefe ta yi?"

Gwadabe ya nuna da hannu.

"Nan arewa ne," in ji Malam Yahaya.